Ranar da Ruwan Hankaka Ya Ƙi Hawa: Nazarin Wani Aji Huɗu a Ƙasar Argungu

Makarantar da matsalarta

Makarantar firamare ce ta gwamnati, a wani gari na bakin fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, inda kusan kowane gida ke ci da noman shinkafa da su. Mun yi da malamar ajin cewa ba zan kama sunanta ko na garin ba. Shekararta tara tana koyarwa, kuma a shekarar da ake magana ita ke riƙe da aji huɗu. Yara 58 ne a rajista, amma masu zuwa kullum ba sa wuce 45. In kuwa shinkafa ta fara nuna aka shiga korar jan-baki, ajin kan koma kamar an yi shara. Zagayen duba ɗalibai masu koyon aikin malanta ne ya fara kai ni can, daga baya na riƙa komawa don kaina. Abin da ke nan na haɗa shi daga littafin da take rubuta darussanta, da zuwa bakwai da na yi, da hirar da muka riƙa yi ta waya.

Aji huɗu aji ne mai wuyar sha'ani. A da, manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da yaro da harshen gida a shekaru ukun farko, daga aji huɗu Turanci ya karɓa. Wato shekarar da darasin kimiyya ke fara nauyi, a ita aka saba canja wa yaro harshe. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, ko ma'aunin zafi guda babu. Daga allo sai alli.

Amma ba kayan aiki malamar ta fi kuka da su ba. A zuwana na farko cewa ta yi: "Malam, in na ce su kawo abubuwan da ke nutsewa da masu tasowa, sai su rera mini da Turanci kamar waƙa. In na ce to me ya sa gora ke ɗaukar babanku a kan gulbi, alhali ɗan dutse kamar ƙwayar gyaɗa nutsewa yake, sai kowa ya sa kai ƙasa." Yaran nan kuwa da yawansu 'ya'yan masunta ne. Sun tashi suna ganin iyayensu kwance bisa gora da homa a hannu, abin da baƙi ke tahowa daga nesa su kalla a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi. Burinta bai da yawa: yaro ya haɗu da abin da bai sani ba, ya iya buɗe baki ya ce bari in gwada kaza in gani.

Satumba zuwa Oktoba: katan ɗin littattafai

A mako na biyu na zangon farko, wani tsohon ɗalibin makarantar da ke aiki a Abuja ya aiko da katan guda na littattafan yara masu hotuna, kala shida, kowanne kwafi biyar. Da Turanci suke, bugun ƙasar waje, takarda sai sheƙi. Tsarinsu ɗaya ne. A ɗauko tsohuwar tatsuniyar dabbobi, a sake zuba ta yadda dabbar za ta bi matakai biyar kafin ta fita daga matsala: ta lura, ta yi tambaya, ta yi hasashe, ta gwada, ta faɗi abin da ta samu. A shafin ƙarshe kuma a jera matakan da manyan baƙaƙe.

Wanda ya fi shiga ran yaran shi ne na hankaka da tulu, labarin da ake danganta wa Isof, mutumin Girka da aka ce ya rayu wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Hankaka ne ƙishirwa ta dame shi, ya tarar da tulu da ɗan ruwa can ƙasa, bakinsa bai kai ba, sai ya yi ta jefa tsakuwa har ruwan ya hau ya sha.

Mako biyar malamar ta yi tana karanta musu da Turanci, tana ɗaga littafin su ga hoto. Hotunan sun ja su ƙwarai, har ana ture-ture a bencin gaba. Labarin kuwa kaɗan ne suka kama, su ma daga hoton suka tsinto shi. Da aka yaga shafi biyu, hedimasta ya ce littattafan su riƙa kwana a ofishinsa, a fito da su ranar darasi kawai.

Nuwamba zuwa Disamba: fassara da hadda

Sai ta canja hanya. Ta zauna da dare ta juya littattafai uku zuwa Hausa, ta rubuta a 'yan takardu ta manna ƙarƙashin Turancin. Ranar da ta tsaya gaban aji ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yaran sun ɗan yi turus kafin su amsa "Ta zo mu ji ta," sannan aka fashe da dariya. Ga al'ada ba a tatsuniya da rana, an tsorata su tun suna ƙanana cewa mai yin ta ɓata zai yi a hanya, sai fa in an ɗaure Gizo. Wata yarinya ta ƙulla bakin hijabinta ta ce ta ɗaure shi, aka ci gaba.

Wannan karon labari ya shiga. Kafin mako biyu kowane yaro na iya maimaita shi daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon kukan hankaka. Matakan nan biyar ma sun zauna daram a bakinsu, suna rera su suna tafi.

A jarrabawar ƙarshen zango ta sa tambaya biyu kan wannan. Ta farko, a jera matakan: cikin yara 44 da suka zauna, 39 sun kawo su daidai. Ta biyu ta ƙirƙiro ta ne da kanta: ƙwallon roba ya faɗa wani rami siriri mai zurfi, hannu bai kai ba, sanda ba ta kama shi, yaya za a yi? Mutum uku ne suka ce a zuba ruwa ya taso. Shida sun ce a kira babba. Talatin da ɗaya suka rubuta a jefa tsakuwa, sauran suka bar wurin fili. Ramin nan babu ko ɗigon ruwa a cikinsa, tsakuwa binne ƙwallon kawai za ta yi. Malamar ta rubuta a gefen shafin littafinta: sun haddace dabarar hankaka.

Janairu, mako na biyu: gora takwas

Da aka dawo hutu ta yanke shawarar su yi abin da hannunsu. Ta tara gorunan roba na ruwan sha, masu lita ɗaya da rabi, ta yanke kawunansu ya zama kowace tsayinta santimita 20. Ta raba ajin gida takwas, kowane rukuni da gora ɗaya, da rula, da kwanon tsakuwa daga tarin da aka sauke don gyaran wani aji. Wajen zuba ruwa sai ta bi hoton littafin, inda mai zanen ya sa ruwan can ƙasa, kamar rubu'in tulun. Santimita 5 ta zuba wa kowa. Ba ta gwada a gida ba tukuna, don a ganinta abin da aka buga a littafi ba ya bukatar gwaji.

Ina wurin ranar. Da farko murna ake, kowace tsakuwa ta faɗa sai a ga ruwa ya ɗan motsa sama. Ya wuce 8, ya wuce 10. Daga nan sai tsakuwa ta fara leƙowa saman ruwan, wadda aka ƙara kuma ta zauna kan 'yan'uwanta a bushe. Gora takwas, babu wadda ruwanta ya wuce santimita 13. Aka cika su da tsakuwa har baki, ruwan yana can tsakiya, ya shige cikin duwatsu, ya ma fi ɗazu wuyar samu.

Wuri ya yi tsit. Can wani yaro daga baya ya ce, "Malama, wanga hankaka ƙishirwa ta kashe shi." Aka kwashe da dariya. Malamar ta gaya mini daga baya cewa a wannan lokacin ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige, ga baƙo a zaune, kuma har ta kai hannu ga bokiti za ta ƙara musu ruwa ta ce kuskuren awo ne. Abin da ya tsayar da ita maganar yarinyar nan ce mai ɗaure Gizo, wadda ta ce, "Ai dama tatsuniya ce, Malama. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Wasu suka ƙarasa mata, "Da ma ƙaryar ce!"

Malamar ta ajiye bokitin. Ta ce, "To, ƙarya ce ko gaskiya? Ni ma ban sani ba. Alhamis mai zuwa kowa ya zo da abin da yake gani." Aka kaɗa ƙararrawa.

Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne. Tsakuwa ba ta cika mazubi ta toshe ko'ina, tsakanin kowace da ta kusa da ita akwai kafa. In duwatsun kusan girmansu ɗaya, wajen kashi 40 cikin 100 na cikin mazubin fili ne, kuma a wannan filin ruwan ke zama. Saboda haka ruwan da ya fara daga santimita 5 iyakarsa wajen 12 ko 13, ko da za a kwana ana jefa dutse. Kafin ya kai bakin gora mai santimita 20, sai ya fara daga wajen 8. Mai zanen ya sauke ruwan ƙasa ne don hoton ya ba da tausayi. Na bayyana mata haka da daren, muka yi da ita kada ta faɗa wa yaran.

Janairu zuwa Fabrairu: mako uku kan tambaya ɗaya

Ranar Alhamis yaran suka zo da ra'ayoyi iri-iri. Wasu suka ce ruwan ne ya yi kaɗan. Wasu suka ce tsakuwar ce ƙanana. Wani ya ce gorar roba ce ba ta yi, sai tulu na gaske. Kalmar "hasashe" da ta sa a fassararta ba ta taɓa fitowa daga bakinsu ba in ba a waƙar matakai ba. Ranar sai ta ji suna cewa "ni na canka kaza," daga wasan canki-canka, ta ɗauki kalmar ta rubuta a allo. Daga nan kowane rukuni sai ya faɗi cankarsa, a rubuta, kafin ya taɓa dutse.

Gwajin ranar farko rikici ya zama. Wani rukuni ya fara da ruwa santimita 8 ya kuma gauraya manyan duwatsu da ƙanana, ruwansu ya kai baki, suka ce gaurayawar ce sirrin. Na kusa da su suka ƙi yarda: "Ba a yi adalci ba, ruwansu ya fi namu tun farko." Gardamar ta ci kusan minti goma, malamar ta bar su. A ƙarshe su da kansu suka yanke cewa in za a gwada dutse, ruwan kowa ya zama ɗaya, in kuma ruwa za a gwada, dutsen kowa ya zama ɗaya. Wannan ƙa'ida ita ce ƙashin bayan kowane gwaji na kimiyya, kuma babu ita a cikin matakai biyar na littafin. A ajin sunanta ya zama "adalci" har ƙarshen shekara.

Ga abin da suka samu a mako ukun. Ruwan da ya fara daga 5 bai taɓa kai baki ba. Wanda ya fara daga 10 ya kai har ya zuba, da sauran wuri. Na 8 shi ne mai gardama, wani ya kai, wani ya tsaya saura kaɗan. Manyan duwatsu sun fi saurin ɗaga ruwa, amma a gora siririya sun fi barin kafa, don haka sun fi saurin gazawa. Da aka bi tsakuwa da yashi ruwan ya ƙara hawa, sai dai ya koma jiƙaƙƙen yashi, wani yaro ya ce sai hankakan ya tona kamar yadda ake tonon ruwa a rafi da rani. Tsingaro ya sha wani abu daga ruwan. Sakaina da kara suka yi ta yawo a sama ba su ɗaga komai ba, abin da ya maido da maganar gorar masunta ba tare da malamar ta jawo ta ba. Tulu na gaske da aka aro ya fi ba su wahala: ba a ganin ciki sai an zura kara an auna, kuma ruwan ya daɗe yana jan jiki a faɗin cikin kafin a ga alamar hawa.

Sai bayan duk wannan ta ba su labarin cewa a shekarar 2009 wasu masu bincike biyu a Ingila sun gwada abin da tsuntsaye huɗu dangin hankaka. Sun sa tsutsa tana yawo a kan ruwa cikin bututu, tsuntsayen suka jefa duwatsu har ta hau suka cafke, suka kuma koyi zaɓen manyan duwatsu. A 2014 aka yi makamancinsa da hankakin tsibirin Sabuwar Kaledoniya, su kuma suka fi zaɓen abin da ke nutsewa a kan mai tasowa. Ajin ya yanke hukuncinsa: hankaka zai sha in ruwan ya kusa rabi, in bai kai ba ya nemi wata dabara. Suka zana sabon tulu da ruwa a inda ya kamata, aka manna a gefen na littafin.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Hedimasta ya kira ta ya nuna mata jadawalin darussa, ta yi baya da mako uku. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rana ɗaya a mako." Ya ce, "Malama, masu dubawa in sun zo jadawali suke buɗewa, ba gorar ruwa ba." Aka tsaya a kan Alhamis, darasi biyu a haɗe, ƙarƙashin darbejiya, sauran ranaku a bi manhaja. Wani uba ma ya zo da kansa: "Malama, na turo yaro karatu, kullum ya koma mini da aljihu cike da tsakuwa da riga jiƙe." Ta ce, "Baba, a yi haƙuri, karatun ne." Bai gamsu ba. Wata guda cur yaron ba ya zuwa ranar Alhamis, gona ake tafiya da shi.

Maris zuwa Afrilu: littafin gida

Sauran littattafan katan ɗin ta ci gaba da amfani da su, amma da sabuwar ƙa'ida: tana kaiwa inda dabbar ta shiga matsala sai ta rufe, ba a buɗe ƙarshen sai yara sun yi canka sun gwada. Biyu daga ciki ta ajiye su gaba ɗaya, ɗaya kan ƙanƙarar da ke rufe tafki ne, ɗayan kuma yana bukatar kayan da ba su a garin.

Sannan ta rubuta nata. Shafi takwas ne a kan kwali, wani ɗan ajin mai hannun zane ya yi hotunan. Gizo ya sayo sabuwar jarka yana yi wa Ƙoƙi dariyar tsohuwar randarta. Bazara ta yi, ruwan jarka ya zama kamar na wanka, na randa kuwa sanyi ƙalau, Gizo ya koma satar moɗa da dare. Da aka kama shi sai ya kawo dalili uku: randa a inuwa take, yumɓunta daga bakin gulbi aka ɗebo shi da sanyinsa, kuma Ƙoƙi tana yi mata tofi. Labarin a nan ya tsaya. Shafi na takwas fari ne fes.

Lokacin ya dace, domin a Maris da Afrilu zafin rana a ƙasar Kebbi kan haura digiri 40, iska kuma a bushe take. Matsalar farko ita ce awo. Ta aro ma'aunin zafi daga ɗakin shan magani na garin, sai ga shi na jikin mutum ne, ba ya karanta abin da ya yi ƙasa da zafin jiki sosai. Ranar ta tafi a banza. Yaran ne suka kawo mafita: a ɗaure wa mutum ido, a ɗebo ruwa a kofi biyu, ya tsoma yatsa ya faɗi wanda ya fi sanyi, a yi da mutum goma a ƙirga. Aka kuma ce mai miƙa kofin kada ya yi magana, don an kama wani yana tari in an kai ga na randa.

Aka ajiye ƙaramin tulu da jarka a inuwa ɗaya, tulu ya ci, dalilin Gizo na farko ya faɗi. Aka naɗe wani tulun da leda tsaf, sanyinsa ya ragu ƙwarai, alhali yumɓun bai canja ba. Aka naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhun algarara, ta yi sanyi ba tare da kowa ya yi mata tofi ba. Wata tsohuwa maginiyar tukwane, kakar ɗaya daga cikin yaran, ta zo kallo da aka aro tulunanta. Malamar ta ce, "Inna, me ke sa wata randar ta fi wata sanyi?" Ta ce, "Ɗiyata, randar da ba ta gumi ba ta sanyi. Sabuwa ta fi tsohuwa, don tsohuwa jikinta ya toshe." Magana ce daidai da ta littafin kimiyya: ruwa na tsatsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu, yana bushewa a iska, kuma bushewar tana tafiya da zafin da ke cikin randar. Yaran suka haɗa shi da yadda jiki ke sanyi in iska ta bugi gumi.

Daga nan ta ba su labarin Malam Mohammed Bah Abba, malamin da ya koyar a Jigawa, wanda ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex a kan haka. Suka haɗa tasu, suka raba tumatir iri ɗaya gida biyu. Na waje ya yamutse cikin kwana huɗu, na cikin tukunya ya wuce kwana goma da kyansa. Suka zana sakamakon a shafi na takwas.

Yuni zuwa Yuli: damina

A zango na uku hedimasta, wanda zuwa lokacin ya fara kai baƙi su ga tukunyar, ya ce a sake haɗa ta don taron iyaye. Aka haɗa a farkon Yuli, bayan ruwa ya zauna. Kwana biyar sai ga tumatir ɗin ciki ya fara fumfuna, hannu kuma in an sa ba a jin wani sanyin kirki.

Wannan karon malamar ba ta ce komai ba, tsayawa kawai ta yi. Yaran suka fara jefo canka. Wani ya ce tukunyar ta tsufa ta toshe, kamar yadda Inna ta faɗa. Wani ya ce tumatir ɗin damina dama ruwa ne da shi. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malama, shanya ma yanzu ba ta bushewa." Aka aro sabuwar tukunya don a raba gardamar farko, ita ma sanyinta bai kai na bazara ba. Dabarar tana aiki ne in iska a bushe take, da damina kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da danshi. Ranar taron, abin da yaran suka nuna wa iyaye ke nan: tukunyar da ta yi a Afrilu ta ƙi a Yuli, da dalilin da suke gani. Hedimasta ya so a ce an sayo sabon tumatir da safe an zuba, malamar ta roƙe shi ya bari.

Ƙarshen shekara: abin da aka auna

Ta maimaita tambayar ƙwallo a rami. Cikin yara 41, 27 suka ce a zuba ruwa, wasu har suka ƙara da cewa in ƙasar ba ta shanye ba. Biyar sun sake cewa tsakuwa. Ta kuma ba su matsalar da ba ta cikin kowane labari: gishiri ya zube cikin yashi, a raba su. Rukuni biyar cikin takwas suka kai ga jiƙawa da tacewa da ƙyalle da shanya ruwan a faranti. Biyu suka tsaya kan rairaya, ɗaya ya watse da faɗa.

A jarrabawar rubutu ta Turanci ajin bai fi na bara ba. Darussa biyu na manhaja ba a kai gare su ba. Yaran da gona ta fi ɗauke wa ranakun Alhamis, har da ɗan mutumin nan da ya zo ƙorafi, suna cikin masu cewa tsakuwa.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina littattafan katan ɗin sun kawo abu biyu masu amfani, hoto da matsala. Hoto ya ba yara arba'in abu ɗaya da za su nuna da yatsa su yi gardama a kai, ko mai iya karatu ko wanda bai iya ba. Tatsuniya kuma ta ba tambayar rai, domin yaro bai damu da santimita ba, amma ya damu da ko hankaka zai sha. Inda suka gaza shi ne shafukan ƙarshe. Tatsuniya ta saba miƙa dabara a dafe: Gizo ko dila ya yi wayo, mai sauraro ya yaba ya riƙe. Labarin da aka zuba matakan bincike a ciki, amma dabbar ta ci nasara a gwajin farko, bai fita daga wannan tsarin ba, shi ya sa yara 31 suka kai tsakuwa ramin da ba ruwa. Fassara ta buɗe musu labarin, kuma ba don ita ba da babu abin da zai biyo baya, amma ita kaɗai hadda ta ƙara wa sauƙi.

Juyin ya zo ne ranar da littafi ya faɗi abu, gora ta faɗi wani, malama kuma ta yarda a gaban yara cewa ba ta sani ba. A nan tatsuniyarmu tana da wata fa'ida da ban taɓa lura da ita ba sai a wannan ajin. Yaron firamare ba ya ƙaryata littafin makaranta, ba ya ƙaryata malami, tarbiyyar da aka yi masa ke nan. Tatsuniya kuwa da bakinta take rufewa da cewa ƙarya ce. Ita kaɗai ce maganar manya da aka yarje wa yaro ya yi shakkarta, kuma ta wannan kafar yaran suka shiga gwaji ba tare da jin sun yi rashin kunya ba. Da a littafin manhaja aka sami kuskuren hoton nan, ina kyautata zaton shiru za su yi su ɗauka su ne ba su iya ba.

Sai dai kada a ɗora wa lamarin abin da ya fi ƙarfinsa. Aji ɗaya ne, malama ɗaya, babu wani ajin da aka kwatanta da shi, kuma tambayar ƙwallo sun taɓa ganinta. Yaran ma sun ƙara wata bakwai a duniya tsakanin jarrabawar biyu. Wani bincike da aka yi a Kambirij ta Ingila a 2012 da yara 'yan shekara 4 zuwa 10 ya nuna cewa daga shekara 8 yaro kan warware gwajin hankaka tun karon farko, don haka girma ma yana da nasa kason. Hujjar da na fi ba nauyi ita ce ta Yuli, lokacin da abu ya lalace ba shiri, ba labari, ba hoto, yaran suka kawo dalilai masu gwaduwa, ɗaya ta ɗauko nata daga igiyar shanyar gidansu. Farashin kuma a fili yake: darussa biyu, da ran hedimasta, da dararen da malamar ta yi tana yankan kwali ba wanda ya biya ta.

A sabuwar shekara an mai da ita aji uku. Littattafan katan ɗin suna ofis, wanda ya gaji aji huɗu bai nemi ko ɗaya ba tukuna. Ita kuwa tana kan labari na biyu, na Gizo da ruwan gulbi mai laka da dakakkiyar ƙwayar zogale. Da muka yi waya makon jiya, abin da ya tsayar da ita shi ne yadda yara za su auna tsabtar ruwa ba da na'ura ba. Tana tunanin zana baƙin layi a gindin kofin gilashi, a riƙa zuba ruwa har layin ya ɓace wa mai leƙowa daga sama, a auna zurfin da rula. Ta ce wannan karon sai ta gwada a gida tukuna, don ta san inda zai ƙi.